Martani: Ba Ganga Ce Ta Ƙona Kafanchan Ba

Kwanakin baya wani marubuci ya fitar da maƙala yana kira ga Ƙaramar Hukumar Jama'a da gwamnatin Jihar Kaduna da su raba titunan Kafanchan da garuruwan kewayenta da kiɗa da waƙa. A ganinsa, ƙasar da ta sha zubar da jini irin Kudancin Kaduna ba ta bukatar ƙarin hayaniya. Ya nemi a hana sa waƙa a tashoshin mota da kasuwanni, a hana jerin gwano da ganguna a kan titi, na Kirsimeti ne ko na Mauludi ko na kai amarya, a kuma goge rubuce-rubuce da zane-zanen jikin motocin haya domin wasunsu habaici ne. A madadin haka, ya ce a gina babban zauren al'adu guda, mai son kiɗa ya sayi tikiti ya shiga ya more. Ya kafa hujja da Godogodo, yana cewa garin da ya ga abin da ya gani ya fi bukatar natsuwa a kan shagali. Ba na shakkar kyakkyawar niyyarsa, kuma duk wanda ya san yankin ya san tsoron da ke bayan maganarsa tsoro ne na gaske. Amma ya kama mai laifin da ba shi ba ne, kuma in aka bi shawararsa za a ƙarasa wa rikici aikin da ya fara, wato raba mutanen gari ɗaya har su daina jin muryar juna.

A fara da tarihin da ya jingina da shi. Rikicin watan Maris na 1987 ya tashi ne a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, daga saɓani kan abin da wani mai wa'azi ya faɗa a taron ɗalibai, kafin wutar ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Na Zangon Kataf a 1992 ya faro daga batun mayar da kasuwa wani sabon wuri, a ƙarƙashinsa kuwa akwai tsohuwar taƙaddamar ƙasa da sarauta. Na Kafanchan a 1999 ya zo ne a kan naɗin Sarkin Jama'a. Na watan Afrilu 2011, wanda a cikinsa babbar kasuwar garin ta ƙone, ya biyo bayan sakamakon zaɓen shugaban ƙasa. Hare-haren 2016 a Godogodo da ƙauyukan da ke kusa da ita suna da alaƙa da gona da kiwo da ramuwar gayya da rashin hukunta masu laifi. Mimbari, kasuwa, sarauta, ƙuri'a, gona: waɗannan su ne tushen wutar. Babu ko ɗaya da ya fara da mai kalangu a bakin tasha ko 'yan matan da ke rakiyar amarya. Wanda yake son hana maimaituwar abin da ya faru, wajibi ne ya dubi inda abin ya faro. In ya bar waɗannan ya juya kan makaɗi, to ya zaɓi wanda ya fi sauƙin kamawa ne kawai, domin makaɗi ba shi da lauya kuma ba shi da ɗan majalisa.

Sannan marubucin ya yi magana kamar Kafanchan wani gari ne mai shiru tun asali, hayaniya ta shigo masa daga baya. Ba haka tarihin yake ba. Ƙasar Fantswam ce tun da daɗewa, amma birnin da muka sani yau jirgin ƙasa ne ya haife shi. Layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya zo ya ratsa nan kan hanyarsa ta zuwa Kaduna, kuma a 1927 reshen da ya balle daga Kafanchan ya isa Jos saboda kuza. Da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932, hanya ta miƙe ba tsayawa, zuwa 1964 kuma dogo ya kai Maiduguri. Hatta fadar Sarkin Jama'a sai da ta baro tsohon mazauninta ta dawo bakin dogo a farkon shekarun 1930. Mahaɗa ke nan ta hanyoyi uku, kuma mahaɗa tana tara baƙi: ma'aikatan reluwe Ibo da Yarabawa da Tibi da Idoma, fatake da mahauta Hausawa, Fulani masu nono, ga kuma Bajju da Atyap da Agworok da Ham da Nikyob da Gwong da ke saukowa da kayan gona. Kowa ya zo da gangarsa. Mutanen da ba su jin yaren juna sun fara sanin juna ta kunne tun kafin su iya gaisawa. Daga irin wannan cakuɗuwa ta garuruwan dogo ne aka samu mawaƙi kamar Bala Miller, wanda ya ɗora Hausa a kan kiɗan ƙahonin Turawa da jita a Kaduna. Daga nan ne kuma Hausa ta zama harshen waƙar majami'a a wannan yanki, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Yau matar zumunta a Kagoro da mai bege a unguwar Hausawa da harshe ɗaya suke rera yabo, ko da abin da suke yabo ya bambanta. Wannan gado ne mai tsada, kuma a fili aka gina shi, ba a bayan katanga ba.

Jirgin ya yi rauni tun tuni. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 bai bi ta nan ba, gyaran layin gabas mai tasowa daga Fatakwal da aka ƙaddamar a 2021 kuma har yanzu mutanen Kafanchan jiransa suke. Abin da ya gaji aikin tashar jirgi shi ne tashar mota. Duk wanda ya tsaya a tasha da sassafe ya san abin da ke wurin. Ɗan kamasho yana kiran Jos da Akwanga da Kaduna da wata irin murya da ta kusa zama waƙa, mai shayi ya ɗora 'yar rediyonsa a kan gwangwanin madara, yaron da ke tura wa mutane waƙoƙi a waya ya kunna ƙaramar lasifika a kan teburinsa, yanzu waƙar bushara ta Solomon Lange, anjima ta fim ɗin Hausa, can kuma wata ta Bajju da aka ɗauka a wurin biki. Masu lodin buhunan citta suna ɗaga kaya da amshi don ƙarfi ya zo ɗaya. Fasinjan da ke jiran mota ta cika yana jin duk wannan ko yana so ko ba ya so, kuma a nan amfanin yake. Bayan 2011 unguwanni sun ƙara rabuwa bisa addini, mutane da yawa sun sayar da gidaje sun koma cikin nasu, ciniki ma ya nemi ya rabu gida biyu. Yaro yana iya tashi a gefe ɗaya na garin bai taɓa shiga gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Wuraren da suka rage inda dole kafaɗa ta gogi kafaɗa ba su da yawa: tasha, kasuwa, asibiti, kujerar bayan mota. Waƙar da ke tashi a waɗannan wurare ita ce kusan hanya ta ƙarshe da al'adar wancan gefen take shiga kunnen wannan gefen ba tare da an yi shirin taro ba. In aka kashe ta, me ya rage?

Game da Godogodo kuwa, ina ganin marubucin ya karanta darasin a baibai. A watan Oktoba 2016 an kai wa garin hari, an kashe mutane, an ƙona gidaje, jama'a da dama sun gudu. A ƙarshen shekarar gwamnati ta sa dokar hana fita ta dare da rana a Jama'a da Kaura da Zangon Kataf. Mutanen wannan yanki sun san shirun da marubucin yake yabo, sun kwana cikinsa. Shiru ne na kasuwar da ba ta ci ba da titin da babu mota sai ta soja. A irin wannan wuri ba a auna dawowar lafiya da sanarwar rediyo. Ana auna ta da ranar da aka sake ɗaura aure har aka kai magariba ana rawa, da ranar da matan zumunta suka fito da tulunansu da cakinsu suka bi titi zuwa gidan makoki, da ranar da 'yan mandiri suka zaga gari ba wanda ya tare su. Jama'ar da ta fito fili da kiɗanta tana shaida wa kanta da maƙwabtanta cewa ba ta gudu ba kuma ba ta ɓoye komai. A tuna cewa a ranar 23 ga Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar sun sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan, amma watanni kaɗan bayan haka jini ya sake zuba. Wannan ba ya nufin yarjejeniyar banza ce. Yana nuna cewa sa hannun dattawa a takarda ba ya riƙe gari in talakawa ba su saba da ganin juna da jin juna kullum ba.

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce waƙa tana iya hura wuta, kuma ba zan kauce mata ba. Gaskiya ne. Bahaushe ya san zambo da habaici, ya san yadda waƙoƙin siyasar jam'iyyun NEPU da NPC suka riƙa haddasa doke-doke a shekarun 1950, kuma kowace ƙabila a Kudancin Kaduna tana da waƙoƙin yaƙi da na farauta da in aka rera su a ranar da zukata suka ɓaci za su zama wani abu dabam. Misalin da ake yawan kawowa shi ne na Simon Bikindi, mawaƙin Ruwanda wanda kotun ƙasa da ƙasa da ke Arusha a Tanzaniya ta ɗaure shekara 15 a watan Disamba 2008. Amma a duba abin da kotun ta yi da kyau. Ta yarda cewa an yi amfani da wasu waƙoƙinsa wajen cusa ƙiyayya a 1994, sai dai laifin da ta kama shi da shi kalamai ne da ya furta da bakinsa ta lasifikar mota a kan hanya, yana kiran a kashe Tutsi. Wato ta bi mutum ɗaya da maganar da ya yi da niyyar da ke bayanta, ba ta yanke wa kiɗa hukunci ba. Haka ya kamata a yi a nan. Tunzura jama'a laifi ne a dokar ƙasa, ko da waƙa aka yi shi ko da huɗuba ko da saƙon waya. Mawaƙin da ya kira wata ƙabila da sunan dabba ko ya yi kirarin kisa, a kama shi da sunansa a kai shi kotu. Ban ga dalilin da zai sa laifinsa ya hau kan mai gurmin da ke yabon manoman doya ba. Kuma akwai abin da marubucin bai lura da shi ba: waƙar ƙiyayya a yau ba ta bukatar titi. A waya take yawo, daga rukunin WhatsApp na 'yan gida ɗaya zuwa wani, inda babu baƙon da zai ji ya ce a'a. Waƙar da aka rera a tsakiyar kasuwa tana da masu tsaro da yawa, domin mawaƙin ya san mahauci yana ji, mai sayar da burkutu tana ji, ɗan sanda yana ji. Korar waƙa daga fili tura ta ne zuwa inda ba mai kwaɓarta.

Sai batun ƙara, kuma a nan muna da inda muka haɗu. Mara lafiya a asibiti yana da haƙƙin barci, ɗalibi yana da haƙƙin jin malaminsa, mai sallah da mai addu'a suna da haƙƙin natsuwa. Amma abin da ke hana su ba kalangu ba ne, ba kuma sarewa ba. Manyan lasifikoki ne da ake jona wa janareto a ƙure su har gilashin taga yana rawa, kuma in za a faɗi gaskiya, wuraren ibada na ɓangarorin biyu suna cikin masu wannan laifi, tare da masu tallar magani da 'yan siyasa lokacin kamfe. Ganga tana da iyakar inda sautinta ke kaiwa, makaɗi kuma yana gajiya ya tafi gida. Na'ura ba ta gajiya. Tun 2009 Nijeriya tana da ƙa'idojin taƙaita ƙara a ƙarƙashin hukumar NESREA, waɗanda suka bambanta dare da rana, suka kuma bambanta unguwar zama da wurin kasuwanci. Abin da aka rasa shi ne mai aiwatarwa. Kafin a nemi sabuwar doka mai hana komai, a tuna abin da ya faru da ƙudurin dokar wa'azi da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta kai majalisa a 2016, wanda ya nemi taƙaita inda za a kunna kaset na addini da lokacin amfani da lasifika. Kiristoci da Musulmi da dama sun yi masa ca, kowane ɓangare yana zargin shi aka nufa, kuma a 2019 batun ya ƙare a gaban kotu. A ƙasar da zargi ya yi katutu, duk dokar da ta ba jami'i ikon cewa wannan ya yi shiru za ta zama sabon abin faɗa ranar da aka hana jerin gwanon wasu aka ƙyale na wasu. Dokar da ta ce ƙarfe kaza a rage sauti, kusa da asibiti da makaranta kuma a kashe lasifika, kowa yana iya ganin ko an yi masa adalci.

Jerin gwano ma yana da mafita wadda ba hani ba. A Ailan ta Arewa an yi shekara da shekaru ana rikici tsakanin Katolika da Furotesta kan maci da ganguna da ke ratsa unguwannin juna, har abin ya yi muni a Drumcree daga 1995. Ba su soke macin ba. Sun kafa hukuma ta musamman da doka ta ba ƙarfi a 1998, mai shirya maci ya sanar tun da wuri, hukumar ta tsara hanya da lokaci, wani lokaci ta ce in an zo daidai wurin ibadar wasu a dakatar da kiɗa. Har yau ana gardama a can, amma jinin da ake zubarwa a kan maci ya ragu ƙwarai. Mu ba ma bukatar aro daga nesa, domin muna da sarakuna da hakimai da shugabannin addini da suka san kowane lungu. Kowace 1 ga Janairu dubban mutane suna cika Kagoro don bikin Afan, da maharba da 'yan rawa da masu busa ƙaho, ana kuma yin Tuk Ham a Kwoi, ana hawan Sallah a Kafanchan. Masu shirya waɗannan sun daɗe da sanin yadda ake tafiyar da taro a kan titi. Iliminsu ake bukata a faɗaɗa.

Kiran da ya yi na goge zanen motoci shi ya fi ba ni mamaki. Bayan babbar motar katako da ke ɗaukar citta ko doya allo ne mai tafiya: zaki ya danne barewa, gaggafa ta buɗe fukafukai, furanni ja da kore sun kewaye lambar mota, a sama an rubuta addu'a ko gargaɗi ga mahassada, wani da Hausa, wani da Turanci, wani da harufan Larabci. Mai fentin da ya yi aikin bai je jami'a ba, amma mutanen da ke ganin aikinsa a rana ɗaya tsakanin Gidan Waya da Akwanga sun fi waɗanda ke shiga wani gidan tarihi a wata guda. Direba yana faɗin ko shi wane ne da abin da ya dogara da shi, a sana'ar da mutuwa ke zaune a kujerar gefe. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ga darajar mutanen nan tun tuni, shi ya sa ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa alhali manyan makaɗa suna bin fada. A Kenya an hana zanen motocin haya a 2004 da sunan tsari, bayan kimanin shekara goma gwamnati ta janye hanin domin ta ga matasa masu fenti kawai ta raba da abinci. Haɗari a hanyoyinmu daga ramuka yake da gudu da lodin da ya wuce kima.

Zauren al'adu kuwa, a gina shi, ba wanda zai ƙi. Amma kada a ce shi ne zai maye gurbin titi, domin wannan yanki ya riga ya ga abin da ke faruwa da fasaha in aka ɗauke ta daga cikin mutane. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan mutum na yumɓu da aka tono a wurin haƙar kuza a ƙasar Jama'a, bayan ya yi kusan shekara a gonar doya ana korar tsuntsaye da shi. Daga wannan kai da irinsa da aka samu a ƙauyen Nok duniya ta san fasahar da ta haura shekara 2,000. Ina kayan suke yau? Suna gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, suna Legas, wasu suna Faransa da sauran ƙasashen Turai, da yawa ta hanyar sata. Yaron Godogodo da aka haifa a kan ƙasar da ta fitar da su sai dai ya gan su a hoton littafi, in makarantarsu tana da littafin. Zaure mai ƙofa da tikiti zai yi wa kiɗa abin da akwatin gilashi ya yi wa yumɓun Nok: zai zama na mai kuɗin mota zuwa Kafanchan da kuɗin shiga. Mai dakon kaya da mai tallar gyaɗa, waɗanda kiɗan tasha ne kaɗai nasu, su za a bari a waje. Haka nan makaɗin biki da mai busa da mai fenti da yaron teburin waƙoƙi za su rasa sana'a, a yankin da cutar citta ta 2023 ta riga ta karya manoma da yawa kuma zaman banzan matasa shi ne abin da kowa ke kuka da shi.

Don haka kirana ga shugaban Ƙaramar Hukumar Jama'a da kansilolinsa, da masu martaba sarakunan yankin, da shugabannin ƙungiyar direbobi da na kasuwa, shi ne kada su karɓi wannan shawara. Su zauna da limamai da fastoci da makaɗa su tsayar da lokacin rage sauti da zai hau kan kowa ba togiya, masallaci da coci da gidan biki da motar kamfe. Su shata wuraren da lasifika ba za ta yi aiki ba, su sa a riƙa sanar da hanyar jerin gwano kafin ranar, su miƙa duk mai waƙar tunzuri ga hukuma ko ɗan wane ne. Bayan haka su bar ganga a kan titi, su bar zaki a bayan mota. Ga malam marubuci kuma, ina roƙonsa ya juya alƙalaminsa mai kaifi kan waɗanda suka kashe mutane a Godogodo da sauran garuruwa, ya tambayi hukuma nawa ne daga cikinsu aka gurfanar a gaban alƙali.